Aikin gidan da na ba 'yar fari

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a koyarwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro alli, na ba yara wani aikin gida da ya kusa raba wata yarinya da uwarta. Maganar ta daɗe da mutuwa, yarinyar ta girma, kowa ya yafe wa kowa. Ni ce dai har gobe in na tuna sai in ji gumi ya karyo min. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin, musamman malaman makaranta da ke bibiyata a nan.

Makarantarmu ƙarama ce, irin ta faranko-arab, ana Faransanci da lissafi, ana Larabci. Tana gefen Zango, unguwar Hausawa a nan babban birnin ƙasar Mosi, cikin ɗan abin da ya rage na unguwar bayan rusau da gwamnati ta yi. Ni ma a Zangon aka haife ni, mahaifina mai sayar da atamfa ne da ya zo daga Kano bai koma ba. Aji biyar nake riƙewa, yara sun kusa sittin: 'ya'yan Kanawa 'yan kasuwa, 'ya'yan direbobin Nijar, da 'ya'yan Mosi daga unguwannin Tiendpalogo da Kamsaoghin. A tsakar makaranta sai ki ji yaro ya fara magana da Hausa, ya ratsa ta More, yaren Mosi, ya ƙare da Faransanci, duk a cikin faɗa ɗaya.

A shekarar aka tura mu wani horo na kwana uku, a ɗakin taro mai sanyin da sai da na nemi mayafi na biyu. Abin da aka koya mana abu ne mai kyau, har yau ban canza ra'ayi ba. A koya wa yaro ya gane abin da ke cin zuciyarsa, ya san fushi ne ko tsoro ko baƙin ciki, sannan ya iya hango abin da ɗan'uwansa yake ji kafin ya yi masa dariya. Aka ba kowannenmu ƙunshin katuna masu zanen fuskoki, wata tana murmushi, wata tana kuka, wata ta haɗe rai, wata ta zare ido. Na dawo Zango da katuna a jaka, a raina kuwa na riga na gama gyara tarbiyyar unguwa gaba ɗaya.

Makon farko yaran suka kunyata ni. Kullum da safe in tsaya gaban allo in ce, "Yaya kuke ji yau?" Sai aji ya ɗauka baki ɗaya, "Lafiya lau, Madam!" 'Ya'yan Mosi su ce "lafi bala", wanda shi ma lafiya lau ɗin ne. Akwai yaron da zazzaɓi ke kaɗawa a kan benci, haƙora na haɗuwa, na tambaye shi, ya ce lafiya lau. Na dinga jin haushinsu, na manta ni ma haka nake amsa gaisuwa ko da kaina na sarawa.

Shugaban makarantarmu dattijo ne da ya kusa ritaya. Ya leƙo ajin sau biyu yana kallon katuna, sannan ya ce min a bakin ƙofa, "Malama, abin yana da kyau, amma a bi a hankali. Yaran nan ba gida ɗaya suka fito ba." Na ce to, na gode. A zuciyata na ce tsoho ne, ba zai gane sabon abu ba.

Ran wata Litinin na ce tunda sun ƙi buɗe baki a aji, bari in biyo ta gida. Na rubuta a allo, na fassara da Hausa da More don kada wani ya ce bai gane ba: kowa ya je ya tambayi mahaifiyarsa abu ɗaya da take so a tattare da shi, ya rubuta a littafinsa, gobe a karanta. Na koma gida ina yaba wa kaina.

Washegari abin ya yi daɗi da farko. Wani ya ce uwarsa ta ce yana da saurin aike. Wata 'yar Mosi ta karanta cewa mamanta ta rungume ta, ta ce ita ce hasken idonta, aji ya yi tafi. Wani ɗan direba ya ce uwarsa ta ce abin da take so da shi shi ne lokacin da yake barci, aka yi ta dariya har da ni. Haka muka bi layi har muka zo kan wata yarinya mai zama a benci na biyu kusa da taga. Shekarunta goma, ba ta da surutu, rubutunta ya fi nawa kyau, ita ce mai goge allo ba tare da an ce ta goge ba. Ta miƙe, littafi a buɗe, shafin fari fat.

Na ce, "Ina aikinki?" Ta kalli shafin. Na ce, "Kin tambaya?" Ta ɗaga kai alamar e. "To me ta ce?" Ta sadda kai ƙasa.

Maimakon in wuce, sai malamar nan ta cikina da ta yi horon kwana uku ta motsa. Na jera mata katuna huɗu a kan benci, na ce ta nuna min wadda ta yi kama da zuciyarta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a hankali, "Lafiya lau, Madam." Daga bayan aji wata maƙwabciyarsu ta ɗaga murya, "Madam, mamanta fa ko sunanta ba ta sani ba. Ke kawai take ce mata!" Aji ya fashe.

Na tsawata musu, wannan kam na yi. Amma sai na juya ga yarinyar, da muryar lallashi, na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Kada ki damu. Duk uwar da ke son 'yarta za ta iya faɗa mata. Ki sake tambayarta yau." Ni a ganina ƙarfafa mata gwiwa na yi. Ta rufe littafin ta zauna. Da aka tashi sha biyu na ga fitarta, jaka a baya, tana bin jikin bango.

Mu a lokacin ana tashi sha biyu, a je gida a ci abinci, a dawo ƙarfe uku. Lokacin zafi ne, irin wanda kujerar moto, wato babur, ke ƙona mutum. Uku saura kwata na iso, ina jingine motona a gindin darbejiya, sai ga wata mata cikin doguwar hijabi ta taso daga inuwar ofis. Ta gaishe ni a gurguje.

"Malama, yarinyar nan ba ta dawo gida ba."

"Wace yarinya, Hajiya? Yarana sun kusa sittin."

Ta buɗe baki ta rufe. Sai ta ce, "Yayar wane, na aji biyu." Sunan ƙanin ya fito mata ba ko gargada. Sunan yayar ne ya ƙi fita.

A nan na gane. 'Yar fari ce. Matar nan irin iyayenmu ce masu kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta jan ta a jiki ana kallo. Ni Bahaushiya, haihuwar Zango, na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Amma tun da na rubuta aikin nan a allo, ko sau ɗaya abin bai gifta min a rai ba.

Na tambaye ta abin da ya faru jiya. Ta ce suna zaune a tsakar gida da yamma, gidan haya ne mai mata da yawa, ana tsintar shinkafa, sai yarinyar ta zo da littafi da biro ta tsaya a gabanta ta ce, "Umma, me kike so a tattare da ni?" Matan gida suka kwashe da dariya, wata har da tafa hannu, ana cewa yau za mu ji ta bakin uwar 'yar fari.

"To me kika ce mata?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ce ta kauce min daga gani, mara kunya. Me zan ce, Malama, a gaban mutane?" Ta ja numfashi. "Da safe ko kununta ba ta sha ba."

Ban faɗa mata abin da na ƙara a kai a cikin aji ba. Tsoro ya hana ni. Na ruga ofis na gaya wa shugaba, shi na faɗa masa komai. Bai ce ai na gaya miki ba, wanda da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ya ce zai riƙe min aji, zai tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ni in ɗauki uwar mu zaga. Mahaifin yarinyar yana Kano sarin kaya, uwar ta roƙe ni kada a kira shi tukuna. Ta ce tana da uwa a unguwar Tampouy, can ƙarshen gari, muka buga waya can, aka ce ba a gan ta ba. Dama ba mu sa rai ba, Tampouy da nisa, yarinyar ba ta taɓa zuwa ba sai a taksi.

Muka hau moto. Mun fara da gidajen ƙawayenta biyu a Tiendpalogo, babu. Muka je wurin mai sayar da wake da shinkafa inda yara ke tsayawa, ta ce yau ba ta lura da ita ba. Muka bi filayen da aka rushe, inda gidajen mutanenmu suke a da, yanzu sai ciyawa da dogayen gine-ginen da ba a gama ba. Duk ginin da na kalla sai in ga rami, in ga bene mara shinge. Na tambayi masu gadi da Faransanci, na tambaye su da More, kowa ya girgiza kai. Muka gangara wajen babbar kasuwa, motoci da babura kamar za su hau kan juna, duk yarinyar da na hango da hijabi shuɗi sai zuciyata ta buga, in matsa kusa in ga ba ita ba ce. A bayana uwar ba ta cewa komai sai "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", tana maimaitawa har na daina jin rabuwar kalmomin.

Na tsaya a wata inuwa na kira mahaifiyata, don ta sa a duba cikin unguwa. Ta tambayi abin da ya kori yarinyar, na matsa gefe na faɗa mata a taƙaice. Ta yi salati.

"A gidana kika girma, kika aika yarinya ta ce uwarta ta yabe ta a gaban mata? 'Yar fari? Wai wane irin karatu kika yi ne?"

"Inna, na manta ne."

"Ba mantawa kika yi ba, auta ce ke. Tun da aka haife ki ake kiran sunanki ana ba ki abu a baki, kin ɗauka kowa haka ya tashi. Je ki nemo 'yar mutane."

Ta kashe waya. Gaskiya ta faɗa, kuma ba ni da lokacin jin haushi.

Wajen huɗu da rabi na ce mu je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, mu sanar da su. Uwar ba ta so, ba ta taɓa taka wurin ba, amma ta bi ni. Muka samu wani matashin ɗan sanda a bayan tebur, ya ba mu benci, ya jawo takarda. Uwar ba ta jin Faransanci, More ɗinta na cefane ne, don haka ni ce tafinta.

Ya ce, "Sunan yarinyar?"

Na fassara. Uwar ta kalli ƙasa. Ya sake tambaya, ya ɗan ɗaga murya ko ba ta ji ba. Na ga leɓenta yana motsi, amma sunan bai fito ba. Sai na faɗi sunan da kaina. Ɗan sandan ya ajiye biro ya kalle mu.

"A cikinku wace ce uwar?"

Na nuna ta. Ya ce, "Ita ce uwar, kuma ba ta san sunan 'yarta ba?" Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, mamaki ne, kuma na ga zargi ya fara shiga idonsa. Na yi ta kame-kame ina bayanin al'ada da Faransancin da ya gudu ya bar ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, ta kwatanta masa yarinyar.

Na fassara, ina shirin in taimaka mata da tsayi da kalar hijabi. Ban samu damar sa baki ba. Matar da tun rana kalmominta ba su wuce a ƙirga ba ta buɗe baki kamar an ɓalle famfo.

"Hijabinta shuɗi ne, akwai ƙunar dutsen guga a gefen dama ta ƙasa, na naɗe wurin na ɗinke. Tana da tabo a ƙarƙashin haɓa, ta faɗi a kan turmi tana shekara biyu. Haƙorinta na sama na gefe yana girgiɗi, ta ɓangaren hagu take tauna. Takalminta na hagu ya tsinke shekaranjiya, na ɗinke shi da baƙin zare don ba ni da ruwan ƙasa. Tana tsoron kare, in ta ga kare ba ta gudu, tsayawa take ta rufe ido. In an yi mata magana da ƙarfi ba ta amsawa, kada su ɗauka taurin kai ne. Ba ta karɓar abinci a hannun wanda ba ta sani ba, ko yunwa za ta kashe ta. Ku gaya musu ba ta ci komai ba tun jiya da yamma, tuwon ma loma uku ta yi, ina kallo."

Ina ta fassarawa. Ɗan sandan ya rubuta ya rubuta, ya juya takarda, daga baya ya daina rubutu ya zuba mata ido kawai. Ya ce min a hankali, "Ki ce mata ta yi haƙuri, na gane."

Muna cikin haka wayar uwar ta yi ƙara. Ta miƙo min, ni na karɓa. Muryar tsohuwa ce daga Tampouy: "Ga ta nan, yanzu ta shigo. Da ƙafa ta zo." Na faɗa wa uwar. Ta ce alhamdu lillahi sau ɗaya, ta miƙe, ta gyara hijabi, ta yi wa ɗan sandan godiya kamar wadda ta zo karɓar takarda.

A hanya muka bi ta gefen baraji, madatsar ruwan nan da ke tsakaninmu da Tampouy. Na kalli ruwan, na kalli manyan motocin da ke wucewa, na tuna yarinya 'yar shekara goma ta bi nan ita kaɗai cikin wannan rana, da cikin da babu komai.

Gidan kakar ƙarami ne, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Yarinyar tana zaune a kan tabarma, ƙafafunta cikin roba da ruwa, sun kumbura. Kakar, wato mahaifiyar uwar, tana gefenta da mafici. Muka yi sallama. Yarinyar ta ɗago ta kafe uwarta da ido, irin kallon mai jiran hukunci.

Ni kuma a raina ina ta roƙo: ki rungume ta, don Allah ki rungume ta, yau ɗaya dai. Uwar ta tsaya a bakin zaure. Ta dubi ƙafafun, ta kawar da kai wajen bango. Ta ce, "Inna, a ba ta ruwa da ɗan gishiri da sukari." Sai ta wuce bayan ɗaki, wajen madafa, ba ta ƙara kallon tabarmar ba.

Na ga fuskar yarinyar ta mutu. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da sauƙi. Ta mayar da ido cikin robar ruwa kamar wadda aka tabbatar mata da abin da ta riga ta sani. Kakar ta ce min ƙasa-ƙasa, "Kin san abin da ta tambaye ni tana shigowa? Wai in faɗa mata gaskiya, wace ce ta haife ta."

Tsoron da na ji a lokacin ya fi na kan hanya. An ga yarinya, amma in muka tashi daga gidan nan a haka, za ta koma ta zauna da wannan abu a ranta, wataƙila har ta girma, kuma ni na sa mata shi da bakina. Katunan suna cikin jakata. Ko taɓa su ban yi ba. Na cire takalmi na zauna a tabarmar.

Na ce, "Maganar da na faɗa miki a aji ba daidai ba ce. Ni na yi kuskure, ba Ummanki ba."

Ba ta ɗago ba.

"Daga wurin 'yan sanda muke. An ce ta kwatanta ki. Kin san me ta ce?" Na fara jero mata, ɗaya bayan ɗaya, yadda na ji. Tabon haɓa da turmin da ya yi shi. Haƙorin da ke girgiɗi. Da na zo kan haƙorin sai ta kai harshe wurin, ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba." Na ce na sani. Na faɗi kare, na faɗi loma uku. Na ce, "Ta ce takalminki na hagu ya tsinke, ta ɗinke da baƙin zare."

Ta miƙa hannu ta jawo takalmin daga gefen tabarma, ta juya shi. Ga ɗinkin nan, ƙanana, a jere, ta ciki inda ba zai goge ƙafa ba. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Na ɗauka shi da kansa ya daina cizo na."

Sai ta ce, "To me ya sa ba ta kiran sunana? Tana kiran na su ƙanina."

Kakar ce ta karɓa. Ta ajiye mafici ta ce, "Ke 'yar nan, tun da kike zuwa gidan nan, kin taɓa jin na kira sunan uwarki?"

Yarinyar ta yi tunani sosai. Ta girgiza kai.

"To ita ce ta farina, kamar yadda kike ta farinta."

"Kaka, ke ma ba kya son ta?"

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ta kalli wajen madafa. Ta ce, "Uwarki tana da shekara talatin da wani abu, ba ta taɓa tambaya ta ba." Sannan ta ce, "Na fari shi ne wanda in ka kalle shi kowa zai ga abin da ke ranka. Shi ya sa ake kawar da kai. Haka muka tarar. Tashi ki leƙa bayan ɗakin nan, kada ki yi motsi."

Na riƙe ta ta miƙe, tana ɗingishi. Muka tsaya a kusurwar bango. Uwar tana durƙushe a gaban murhun da babu wuta, ta cusa gefen hijabi a baki don kada a ji, duk jikinta yana jijjiga. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba. Yarinyar ta kalla, ta kalla, ta ɗago ta dube ni. Na ja ta muka koma tabarma kafin uwar ta juyo, don na san in ta gan mu kunya za ta kashe ta.

Da rana ta yi sanyi muka yi shirin komawa. Uwar ta fito ta wanke fuska, kamar ba abin da ya faru. Moto ɗaya ce, mu uku. Yarinyar ta hau bayana, uwar ta hau bayanta. Da za mu zo ƙarfen bayan kujera ta riƙe har muka iso. Yanzu kuwa muna fita layin sai na ji hannaye biyu sun zagayo yarinyar sun kama gefen rigata, sun matse. Ta ce, "Malama, hanyar nan akwai ramuka." Kwalta ce sumul. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya, ki riƙe da kyau." Na rage gudu, na bi ta doguwar hanya, duk danjar da na hango sai in yi ta jan ƙafa har ta yi ja.

Ban daina koyar da wannan darasi ba, har yau katunan suna nan, sun tsufa. Amma ban ƙara aika yaro gida ya karɓo kalmar so daga bakin kowa ba. Yanzu abin da nake tambaya shi ne, me wani ya yi maka a gida bai faɗa maka ba? Sai ki ga yaro yana tunani, can ya ce an ajiye masa ƙanzo, ko an cika masa buta. Kuma ba na cewa kunyar ɗan fari ba ta da ciwo. Tana da shi. Yaranmu suna tashi a tsakiyar maƙwabtan da iyayensu ke rungume su a bakin makaranta, suna gani, suna kwatantawa, dole wani babba ya zaunar da su ya yi musu bayani. Abin da ke ba ni kunya shi ne na tsaya gaban yara sittin ina koya musu hango abin da ke zuciyar wani, ni kuwa ban hango matar da ke layi biyu da gidan ubana ba.

Har yau in aka dawo da rana na ga gurbin yaro ɗaya babu kowa, sai na aika an dubo. Uwar ba ta taɓa ɗaga min maganar ba, ni ma ban taɓa jin ta kira sunan ba, har yarinyar ta gama makarantarmu. Ban san ko duk abin da muka faɗa a tabarmar nan ya shiga ba, yaro ba ya ba ka rasit. Abin da na sani shi ne mun iso ƙofar gidansu ana shirin kiran magariba, matan gida sun fito sun yi cirko-cirko suna jira. Na tsaya, na kashe moto, na sa ƙafa a ƙasa. Yarinyar ta yi barci a jikin uwarta. Ana ta barka, ana ta kallo, matar nan ba ta sauka ba, kuma ba ta saki hannunta ba.